Injin Baba Altine Bai Mutu Ba

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin kanikanci ita ce wata Alhamis, a ƙarshen hutun damina na makarantu, saura shekara biyu in yi ritaya. Sunana Ladan, mutumin Magarya ne ni, ta ƙasar Wurno. A lokacin ni ne foman na wani garejin gwamnati da ke kula da taraktoci da injinan ban ruwa da janaretoci na yankin Wurno da Rabah da Goronyo. Foman shi ne babban makanike. Yana sama da duk masu riƙe sufana, amma yana ƙasa da injiniya. Injiniyanmu kuwa matashi ne ɗan birni, Injiniya Bello, bai cika wata biyar da zuwa wurinmu ba. Yaro ne mai ladabi, ɗan gidan malamai, kuma ya san littafi sosai. Gaggawa kaɗai ke damun sa.

Bari in bayyana ƙa'idar aikin don waɗanda ba su san ta ba. Idan injin gwamnati ya lalace har aka ga gyaransa ba zai yiwu ba, injiniya yakan rubuta rahoto ya faɗi abin da ya kashe shi. Idan sakacin mai aiki da shi ne, sai a rubuta sunansa, daga nan a ba shi takardar tuhuma, wadda muke ce wa kwiri. Amma rahoton ba ya wucewa hedikwata sai foman ya sa hannu a ƙasan na injiniya, shaidar cewa shi ma ya gani da idonsa.

Da safiyar ranar ina kan gyaran famfon wata tarakta, Injiniya ya shigo da takarda ya ɗora a kan bencina.

Ya ce, "Baba Ladan, sa man hannu nan, direba na jira shi kai ta Sakkwato."

Na ce, "Mi na na, ranka shi daɗe?"

Ya ce injin yankan ciyawa ne na wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke tsakanin Rabah da Goronyo. Irin wanda ake hawa ne, kamar 'yar ƙaramar tarakta, da wuƙaƙe a ƙarƙashinsa. A duk yankinmu shi kaɗai ne irinsa. Ya ce jiya ya je ya duba. An murɗa makulli bai juya ba, an sa sabon batir bai juya ba, ya kama injin da hannu ya ji shi a kame. Ya ce injin ya yi nokin, wato ƙarafan cikinsa sun ƙone sun manne, tsohon da ke tuƙa shi ya bar shi ba baƙin mai.

Na goge hannuna na karanta takardar. Sunan da aka rubuta shi ne Altine, lebura mai kula da filin makaranta. Na san Baba Altine. Ni na koya masa hawan injin nan shekarar da aka kawo shi, kuma na san mutum ne da ke share ƙurar injin da gefen rigarsa. Ya girme ni da kamar shekara ɗaya, shi ma yana bakin ritaya. Kwiri irin wannan a ƙarshen aikin ƙaramin ma'aikaci tana iya jawo masa kora, ya tafi gida da baƙin suna.

Na ce, "Yallaɓai, ban gani ba. Ba ni iya sa hannu ga abin da ban gani ba."

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Wato ba ka yarda da aikina ba?"

Na ce, "Na yarda da kai ƙwarai. Amma layin ga da anka bar man cewa ya yi na gani. Ka ba ni yau kaɗai. In na iske shi matacce, ni da kaina za ni kai takardar Sakkwato."

Ya kaɗa biro a tafin hannunsa. Sannan ya ce to, mu tafi tare, shi ma yana so ya ga abin da zan gani wanda shi bai gani ba. Na ɗauki akwatin kayan aikina da mitar gwajin wuta da galan biyu na baƙin mai, muka shiga motar ofis.

Mun isa makarantar wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Tun daga ƙofa na gane dalilin gaggawar. Ciyawa, ko haki yadda muke cewa a nan, ta kai gwiwa tun daga filin wasa har bakin ɗakunan kwanan ɗalibai. Shugabar makarantar, Hajiya Kulu, ta tarbe mu a barandar ofishinta. Mace ce mai faɗa a ji, ba ta ɓata lokaci wajen gaisuwa ba. Ta ce ɗalibai za su dawo ranar Lahadi, su fiye da ɗari biyar. A makon nan kaɗai maigadi ya kashe kububuwa biyu a bayan ɗakunan wanka. Bara maciji ya sari wata yarinya a hanyar masallaci, da ƙyar aka ceto ƙafarta. Ta nemi leburori masu langalanga, kowa yana gonarsa.

Ta ce, "Foman, ɗiyan mutane na anka ba ni amana. In hakin ga bai kwanta ba kahin Lahadi, ba ni buɗe ɗakunan ga, ko wa zai yi hushi shi yi."

Na ce, "Hajiya, a nuna man injin, a kuma kira man mai shi."

Injin yana cikin wata rumfar kwano a bayan sito. Mun tarar da direban taraktar makarantar ya kwanto babban batir ɗin taraktarsa, yana shirin haɗa shi da wayoyi, wai a ba injin ƙarfi ko ya warware. Na ce ya dakata, kada wanda ya ƙara taɓa makullin nan. Baba Altine yana tsugune a gefe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya rame fiye da yadda na san shi. Da muka gaisa bai iya haɗa ido da ni ba.

Na tsuguna kusa da shi na ce, "Yaya Altine, hwaɗa man. Ran da kay yi aiki da shi na ƙarshe, yaya kukanshi yake?"

Ya ce, "Lahiya lau, Ladan. Ko tari bai yi ba."

"Ya mutu da kanshi, ko kai kak kashe shi?"

"Ni nik kashe shi da makulli, nan inda kag gane shi."

"Kwana nawa ke nan?"

"Sati ukku jiya."

Wannan amsa ita ce farkon abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa. Injin da baƙin mai ya ƙare masa a kan aiki yake mutuwa. Zai yi zafi, ya yi ƙara kamar ana dukan ƙarfe, sannan ya tsaya cak a tsakiyar fili. Ba ya shiga rumfa da ƙafarsa lafiya ya kwana sati uku sannan ya kame. Ban faɗi haka ba tukuna, don magana ba ta gyara inji. Na buɗe akwatina.

Ku yara masu tasowa, ku riƙe wannan. Idan inji ya ƙi juyawa, daga wajen wuta ake farawa, a bi ta gida-gida har a kai ga ƙarfe. Na sa mita a batir, wuta cike. Na kwance kawunan batir na goge su, na duba wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen injin, tana nan daram. Fis bai ƙone ba. Irin wannan inji kuma yana da 'yan makunnai na tsaro da ke hana shi tashi sai an taka birki, an ɗage wuƙaƙe, mutum yana zaune a kujera. Sau da yawa ɗayansu ne ke lalacewa ko ɓera ya ci wayarsa, mutane su yi ta zagin batir a banza. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk suna aiki.

Na sa Baba Altine ya hau ya taka birki, na ce ya murɗa makulli sau ɗaya tak ya saki. Na kasa kunne. Na ji ƙwas, sannan na ji kik ya kama faifan ƙarfen da ke saman injin, ya ɗan tura shi kamar faɗin yatsa biyu, ya yi nishi ya tsaya. Kik shi ne ɗan motar da ke fara juya inji. To, wuta ta isa gare shi, shi ma ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wani abu ne a cikin injin ya tare hanya.

Injiniya ya ce, "Ka gani ko? Abin da nic ce maka ke nan. A kame shi ke."

Na ce, "Zo ka sa hannunka nan, ranka shi daɗe."

Na ɗora tafinsa a kan faifan na ce ya juya shi gaba. Faifan ya ƙi. Na ce to ya juya shi baya. Faifan ya tafi sumul, kusan rabin zagaye, ba gurnani ba gogayya. Ya sake turo shi gaba, ya taho lafiya har ya iso wurin ɗazu ya tsaya, kamar ƙofar da aka jingina wa buhun gero.

Na ce masa injin da ya yi nokin ba ya zuwa gaba, ba ya zuwa baya, don ƙarfe ya manne da ƙarfe. Wannan kuwa yana tafiya. Ya dube ni, na ga ya fara saurare.

Sai na zaro sandar awon baƙin mai. Man ya wuce layin cika da fiye da ɗan yatsa. Na murza shi tsakanin yatsuna, ya yi ruwa-ruwa kamar shayin da ba madara. Na kai hanci, sannan na miƙa wa Injiniya.

Ya shinshina ya ce, "Fetur!"

Na tambaye shi ko jiya ya zaro sandar. Ya ce ya zaro, ya ga ba baƙi a jikinta, rumfar kuma da duhu, sai ya ɗauka a bushe take. Gaskiya ya faɗa, kuma kuskure ne da kowa zai iya yi. Baƙin man da fetur ya tsinka ba ya nuna kansa a jikin sanda sai ka kai shi haske.

Na sa muka tura injin waje, tsakiyar fili, nesa da rumfa. Na cire wayar batir gaba ɗaya, na kori direban tarakta da sigarinsa zuwa gindin wani dogon yaro. Na kwance fulogi, na ce kowa ya kauce daga gaban ramin. Da na juya faifan da hannu, sai fetur ya yi tsiri daga ramin fulogin kamar an matsa gorar ruwa, ya jiƙa ƙasa har taku biyu. Na sake juyawa, ya sake fesowa. A karo na huɗu faifan ya zagaye gaba ɗaya, yana huci ta ramin, fuu, fuu.

Baba Altine ya miƙe tsaye ya ce, "Allahu Akbar! Ya juya!"

Ga abin da ya faru. Tankin fetur na wannan inji yana sama da kafireto, wato kaskon da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. A cikin kafireto akwai wata 'yar allura da ke toshe hanya idan kaskon ya cika. Idan datti ya maƙale a bakinta ba ta rufewa, fetur sai ya yi ta tsiyaya a hankali dare da rana, ya gangara ya cika silinda, ragowar ya zurara cikin baƙin mai. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Fistin, ƙarfen da ke kai da komo cikin silinda, ya taso ya iske ɗaki cike, sai ya tsaya. Na kwance kafireton a kan wani tsumma mai tsabta, na nuna musu ƙwayar rairayi ɗaya, ba ta kai ƙwayar gero ba, zaune a bakin allurar. Na kuma gaya wa direban tarakta cewa da ya haɗa babban batir ɗinsa an tilasta injin, da sandar fistin ta lanƙwashe, da yanzu rahoton Injiniya ya zama gaskiya.

Hajiya Kulu ta fito tana tambaya ko zai tashi. Na ce mata kafin la'asar za ta ji kukansa, in Allah ya yarda. Injiniya ya koma gefe ya zaro takardar daga aljihunsa yana dubawa. Ni a raina magana ta ƙare, tsoho ya fita.

Sai Baba Altine ya matso ya tsaya gaban Injiniya, hularsa har yanzu a hannu.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, akwai saura. Ina da laihi."

Na yi wa tsohon ido don ya yi shiru, bai ko dube ni ba. Ya ce akwai ɗan famfon fetur a ƙarƙashin tanki, wanda na koya masa ya riƙa rufewa duk ranar da ya gama aiki. Shekara shida bai taɓa mantawa ba. Amma ranar yana shigar da injin rumfa aka kira shi a waya, aka ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu, can gaba da Tursa, sun kore shanu sun harbi ƙanensa a cinya. Ya kashe injin ya diro, ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba. Sati biyu ya yi a asibiti yana jinyar ƙanen. Da ya dawo ya iske famfon a buɗe, ya rufe shi, bai san ɓarnar ta riga ta auku ba.

Ya ce, "Da na ruhe shi, da hakan ga ba ta hwaru ba. In za a rubuta, a rubuta wanga. Amma baƙin mai, wallahi ban taɓa barin shi ba shi ba."

Ba wanda ya san wannan magana sai shi da Allah. Famfon a rufe na same shi, kuma ban yi niyyar tambaya ba. Hajiya Kulu ta juya fuskarta gefe tana gyara mayafi.

Injiniya ya dube ni ya ce, "Foman, mi ka gani?"

Na ce gaskiya ɗaya ce. Rufe famfo kariya ce ta biyu. Kafireto mai lafiya yana riƙe fetur ko famfo ya shekara a buɗe. Abin da ya tsayar da injin rairayi ne da ya shigo cikin fetur, kuma matatar fetur ɗin da ya kamata ta tare shi ta tsufa, ba a canja ta ba tun da aka kawo injin. Canja ta kuwa aikin garejinmu ne. Na ce in za a rubuta suna, a fara da nawa, don ni ne foman.

Injiniya ya sake duban takardar. Sannan ya yaga ta biyu, ya haɗa ya sake yagawa, a gaban direba da maigadi da kowa. Ya ce wa Baba Altine, "Baba, ka yahe man. Na rubuta sunanka ban ko tambaye ka ba. Yaya jikin ƙanen naka?"

Tsohon ya ce da sauƙi, ya fara taka ƙafar da sanda. A nan ne ya mayar da hularsa kansa.

Injiniya ya cire agogonsa ya naɗe hannun riga, ya ce in ba shi aiki. Shi ya kwanta a ƙasa ya kwance noton da ke toshe mafitar baƙin mai, muka tsiyaye gurɓataccen man a cikin wani tsohon bokiti. Na wanke kafireto da tanki, na tace fetur da ƙyalle mai laushi, na aika direbanmu Rabah ya samo matatar fetur ta babur wadda ta yi daidai da bututun. Muka yi sallar azahar muka bar silinda a buɗe ta sha iska. Bayan mun dawo na zuba sabon mai, na busar da fulogi na mayar, na haɗa batir.

Na ce, "Yaya Altine, hau dokinka."

Ya hau, ya yi bisimilla, ya taka birki ya murɗa. Injin ya juya sau uku, ya yi tari, ya kama. Farin hayaƙi ya turnuƙe filin har Hajiya ta ja da baya tana salati, na ce kada ta damu, ragowar fetur ne ke ƙonewa. Cikin minti biyar hayaƙin ya washe, kukan ya daidaita. Na bar shi ya yi zafi, muka sake zubar da man muka sa galan na biyu, don kada a bar ko ɗigon fetur a ciki. Na ɗaga wuƙaƙen sama na ce ya bi hakin sau biyu, ya fara sare kansa sannan ya dawo ya kwantar da shi.

Da muka bar makarantar bayan la'asar ya riga ya buɗe hanya mai faɗi daga ɗakunan kwana zuwa masallaci. Ranar Asabar da yamma Hajiya Kulu ta kira ni ta ce fili ya zama kamar tabarma, an kashe macizai uku da suka fito, gobe za ta buɗe ƙofa. Rahoton da ya tafi Sakkwato layi huɗu ne: an sami datti a kafireto, an gyara, inji yana aiki, ana neman sabuwar matata. Mu biyu muka sa hannu. Baba Altine ya yi ritayarsa lafiya a shekarar da ta biyo, fayil ɗinsa fari tas.

Abin da na koya a ranar, na sha faɗa wa waɗanda na horar. Ku bi inji a kan tsari, kada ku tsallake gida don kun riga kun yanke hukunci a zuciya, kuma kafin ku ɗauki sufana ku tambayi mutumin da ke kwana yana tashi da shi. Wannan kowane ƙwararren makanike zai iya koya muku. Amma akwai abin da ba a koya mini a gareji ba sai a bayan siton makarantar nan. Na ga lebura ya kawo ƙarar kansa bayan an wanke shi, na ga injiniya mai digiri ya ba leburan haƙuri a gaban ƙananan ma'aikata. Za ku haɗu da injuna masu taurin kai da yawa a aikin nan, kuma da haƙuri duk za su tashi. Idan kuwa Allah ya haɗa ku da mutane irin waɗannan biyun, ku riƙe su da kyau, don ba a sayar da kayan gyaransu a kasuwa.